Bindigar taka ce, amma shagon nawa ne

1/ Jama'a, zaren nan da tsawo, ku yi haƙuri. Tun ranar Asabar da na liƙa sanarwar hana shigowa da bindiga a fili a ƙofar shagona a nan Houston ake ta aiko min da saƙo. Wai na tsorata, wai ina yaƙi da 'yancin mutane. To bari in amsa gaba ɗaya, kowa ya huta.

2/ Ga yadda abin ya faru. Shagon kayan abincin gida gare ni: manja, garin rogo, daddawa, busasshiyar kuɓewa, irin waɗannan. Da yamma wani bawan Allah ya shigo da ƙaramar bindiga a ƙugunsa, cikin kubenta, a fili ƙarara. Ko gefen riga bai saki ya rufe ta ba.

3/ Gaskiya ɗaya ce, bai yi wa kowa komai ba. Amma wata baiwar Allah mai yara biyu ta ajiye kwandonta cike da kaya a ƙasa, ta ja hannunsu ta fice. Yarinyar da ke karɓar min kuɗi kuwa sau biyu tana kuskuren canji, hannunta sai rawa yake.

4/ Na matsa kusa da shi a hankali na ce, yallaɓai, don Allah ka rufe ta mana. Ya dube ni ya ce tsarin mulkin Amurka ne ya ba shi dama. Na ce haka ne, amma hayar shagon nan ni nake biya. Ya fita. Da dare sai ga tauraro ɗaya a shafin shagon, wai mu maƙiya 'yanci ne.

5/ Mu fara da tsarin mulkin, tunda shi ake ɗaga mana kamar laya. Gyara na biyu, na shekarar 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu. Kotun Ƙoli a 2008 ta ce mutum na da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa, a 2022 ta ƙara da cewa har a waje. Duka shari'o'in da gwamnati aka yi su.

6/ Babu inda aka ce dole mai shago ya karɓe ka da makaminka. Yadda zan iya cewa ba a shigo min ba takalmi, ko ba a shan taba a ciki, haka zan iya cewa ba a shigo min da bindiga. Dokar Texas ɗin da kake taƙama da ita, ita da kanta ta ba ni wannan ikon.

7/ Ga 'yan gida da ke karanta wannan suna mamaki: eh, a nan farar hula na iya rataya fistol ya tafi sayen burodi. Amma ba da haka aka fara ba. Abin ya zo ne mataki-mataki, kuma tarihin na da muhimmanci a gardamar nan.

8/ A Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa da mota cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen, ya harbe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp. Bindigarta na cikin mota don doka ta hana ta shiga da ita. Mahaifinta da mahaifiyarta duk a wurin suka rasu.

9/ Matar nan ta yi ta fafutuka, daga baya ma ta shiga majalisar jiha. A 1995 gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba mai lasisi damar ɗaukar ƙaramar bindiga. Ku lura da kyau: a ɓoye. Abin da ta nema kenan, ta kare kanta ba tare da an sani ba.

10/ Sai 1 ga Janairun 2016 aka ƙyale mai lasisi ya rataya ta a fili. Sai 1 ga Satumban 2021, bayan gwamna Greg Abbott ya sa hannu, aka ce lasisin ma ba dole ba ne. Wanda doka ba ta haramta wa mallakar bindiga ba, in ya kai shekaru, ya ɗauka kawai.

11/ Wato yau wanda ya shigo min da ita a ƙugu, ban san ko ya zauna ajin horo na awa huɗu zuwa shida ba, ban san ko an ɗauki zanen yatsunsa ba, ban san ko ya taɓa gwajin harbi a gaban malami ba. Fuskarsa kawai nake gani da ƙarfen da ke jikinsa.

12/ Yanzu ga wahalar da aka ɗora wa mai shago. Ba ka isa ka rubuta "ba a shigowa da bindiga" a kwali ka ce ka gama da mai lasisi ba. Sashe na 30.07 shi ke hana mai lasisi shiga da ita a fili. Sashe na 30.06 shi ke hana shi shiga da ita a ɓoye. Marar lasisi kuma 30.05.

13/ Kowanne da allonsa. Na 30.06 da 30.07 sai da kalmomin da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, haruffa manya aƙalla inci ɗaya, launin rubutu ya bambanta da na allo. Ka liƙa ukun duka, rabin gilashin ƙofarka ya tafi. Mai bindiga kuwa kube kawai ake nema a wajensa.

14/ Wanda ya taka allon ya shigo, tarar ba ta wuce dala 200. Sai in ka faɗa masa baki da baki ya ƙi fita, sannan laifin ya girma har ya iya kai shekara ɗaya a gidan yari. Ka ji fa. Ni marar makami ni ne zan tunkari mai makami in ce fita.

15/ Abin da aka fi aiko min shi ne: "Allo ba ya hana ɗan fashi." Na sani, wallahi na sani. Makullin ƙofarka ma ba ya hana ƙwararren ɓarawo, ka taɓa kwana da ita a buɗe? Aikin allon daban ne, kuma shi ne zuciyar maganata.

16/ Idan kowa ya san ba a shiga shagon nan da bindiga a fili, duk wanda aka gani da ita a bakin ƙofa an san da matsala. Yarinyata ta san ta danna ƙararrawa, ta san ta ja baya. In kuwa abin ya zama ruwan dare, sai ta tsaya tana karantar fuska har a zare.

17/ Ba mu kaɗai ke ruɗewa ba, 'yan sanda ma haka. Ranar 7 ga Yulin 2016 a Dallas aka harbe 'yan sanda biyar a wajen zanga-zanga. Wasu masu zanga-zangar na rataye da manyan bindigogi bisa doka. Da harbi ya tashi, wa zai tantance maharbi da mai gudun tsira?

18/ Har hoton wani mutum 'yan sanda suka watsa a daren wai ana nemansa, don an gan shi da bindiga. Daga baya aka tabbatar ba shi da hannu a ciki. In ƙwararru masu horo suka rikice haka, me kuke so 'yar shekara ashirin a bayan kanta ta yi?

19/ Kuma kada a ce rigimar baƙo ce da bai san Texas ba. Whataburger, gidan abincin da 'yan jihar ke alfahari da shi, tun 2015 ya ce ba ya son a shigo masa da ita a fili. H-E-B ma ya bi layi ɗaya lokacin da dokar 2016 ta fara aiki.

20/ Starbucks ya roƙi kwastomomi tun 2013 su bar makamansu a waje. Walmart, wanda shi kansa yana sayar da bindiga, a Satumban 2019 ya roƙi a daina shiga masa da ita a fili, wata guda bayan harin kantinsa na El Paso da ya ci rai 23. Su ma matsorata ne?

21/ Ga inda wasu abokaina za su ji haushina. Ban liƙa 30.06 ba, kuma ba zan liƙa ba. Mai lasisi da ya rufe bindigarsa ƙarƙashin riga, ya shigo ya sayi manjansa ya tafi, bismillah. Labarin Luby's bai bar ni in ce masa ya bar ta a mota ba.

22/ Ballantana mota ba ma'aji ba ce. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda ake fasa gilashi a wurin ajiye motoci a kwashe bindigogi. Wadda aka sace yau ita za a nuna wa wani mai shago gobe. Gara tana jikin mai ita, a rufe.

23/ Na san wannan matsaya tana da rauni: wanda ya ɓoye ban san yana ɗauke da ita ba. Na yarda. Amma na zaɓi in amince da mutumin da aka binciki tarihinsa, ya zauna aji, kuma ya ga bai kamata ya firgita uwa da yaranta ba. Wannan kunyar ita ce shaidar hankalinsa a wajena.

24/ Mai ratayawa a fili ya faɗa min me ya ƙaru da shi. Kariya? Mai ɓoyewa na da ita. Hasali ma ɗan fashi in ya shigo, wanda ya gani da bindiga shi zai fara yi wa. Abin da ya rage shi ne a gan ka. To in nuni kake so, ka nemi wani dandalin, nan wurin cefane ne.

25/ Akwai kuma maganar da ba a son a yi. 'Yancin nan ba ɗaya yake ga kowace fata ba. A 2014 a wani Walmart na jihar Ohio, inda doka ta yarda da ɗauka a fili, 'yan sanda suka harbe John Crawford. Bindigar iska ce a hannunsa, daga kan kantar shagon ya ɗauko ta.

26/ A Yulin 2016 a Minnesota, Philando Castile na da izininsa, shi da bakinsa ya sanar da ɗan sanda yana ɗauke da makami. A cikin motarsa aka harbe shi. Ni ina da ɗa saurayi, baƙi, dogo. In shi ne ya shiga kanti da fistol a ƙugu, me kuke zato za a ce wa 911?

27/ Don haka masu barazanar daina sayayya a wajena, ƙafarku ce, kuɗinku ne, ba zan riƙe ku ba. Ku ma haƙƙinku ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na ga kwandon da aka ajiye a ƙasa, ni na mayar da kayan kan kanta ɗaya bayan ɗaya.

28/ Matar nan ba ta sake dawowa ba har yau. In akwai wanda ya san ta cikin 'yan'uwa a nan, a faɗa mata allon yana ƙofa yanzu. Mai bindiga kuma ya saki rigarsa ya shigo, muna buɗewa ƙarfe tara. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.