Ina karatun dare ɗaya yake tafiya?



A zangona na farko a jami'a, na taɓa kwana ina haddar wani darasi saboda gwajin da za mu yi washegari. Da asuba ina karanto shi kamar ruwa, kuma na ci gwajin. Bayan mako uku aka zo babbar jarrabawa, aka maimaita kusan tambayoyin nan, sai ga ni ina cizon biro, kaina fayau. Sai da muka fara darasin aikin ƙwaƙwalwa na gane abin da ya same ni.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan ƙaramin gibi da ake kira mahaɗa. Idan ƙwaya tana son aika saƙo, sai ta saki sinadari ya tsallaka gibin. A ɗaya gefen akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin masu karɓar saƙon. Sinadarin da ya fi yin wannan aiki wajen koyo shi ne gulutamet, kuma ƙofofinsa biyu ne suka shafe mu a yau: AMPA da NMDA.

Ƙofar AMPA tana buɗewa da zarar gulutamet ya ƙwanƙwasa. Ita kuwa NMDA a toshe take, sai saƙo ya zo da ƙarfi, a jere a jere, kafin ta buɗe. Idan ta buɗe, sinadarin kalsiyam yana kwarara cikin ƙwayar, ya tayar da wani enzayim mai suna CaMKII. Enzayim furotin ne da ke hanzarta aiki a jiki, kamar dai wanda ke cikin yawu yana narkar da sitacin tuwo. Aikin CaMKII shi ne ya maƙala wani ɗan ƙunshin sinadari, fosfet, a jikin ƙofofin AMPA. Da haka suke ƙara barin saƙo ya wuce, kuma ana kawo ƙarin ƙofofi a kafa a wurin. Gobe idan saƙon ya dawo, zai wuce cikin sauƙi. Wannan sauƙin shi ne mafarin tunawa.

A 1973 masana biyu, Tim Bliss da Terje Lomo, suka wallafa binciken da suka yi a birnin Oslo na ƙasar Norway a kan zomaye. Sun nuna cewa idan aka aika saƙo a jere ta wata hanya a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, hanyar tana ƙara ƙarfi har tsawon sa'o'i. A 1992 kuma, a ɗakin binciken Susumu Tonegawa da ke Amurka, aka samar da ɓeraye waɗanda aka cire musu wani nau'i na CaMKII. Da aka sa su a kwamin ruwa su nemo ɓoyayyen dandamali, sun sha wahalar koyon inda yake fiye da sauran ɓeraye.

To, ina karatuna ya tafi? Fosfet ɗin nan ba ya daɗewa, domin akwai wasu enzayim da aikinsu shi ne cire shi. Amfaninsu babba ne, da babu su da kanmu ya cika da lambar kowace Keke Napep da ta wuce mu. Kafin abu ya zauna daram, sai ƙwayar ta ƙera sababbin furotin ta sake gina mahaɗar, wannan kuwa yana son lokaci da maimaici.

Eric Kandel, ɗaya daga cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2000, ya nuna haka a jikin wani dodon koɗi na teku mai suna Aplysia. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa idan aka ɗiga wa ƙwayoyin jijiyarsa sinadarin serotonin sau ɗaya, mahaɗar tana ƙarfi na 'yan mintuna. Idan aka ɗiga sau biyar ana ba da tazara, ƙarfin yana wuce kwana guda. Idan kuma aka hana ƙwayar ƙera sabon furotin, ƙarfin nan mai daɗewa ba ya samuwa. Ni a daren nan maƙala fosfet kawai na yi ta yi, ban ba ginin lokaci ba.

Masu shirin WAEC, NECO da JAMB, ga abin da nake yi yanzu. Abin da aka koya mini yau, ina duba shi da daddare, in sake dubawa bayan kwana biyu, sannan bayan mako guda. Kowane karo ina rufe littafin in rubuta abin da na tuna kafin in leƙa, domin saƙon ya sake bin hanyarsa da kansa. Kuma na daina sayar da barcina, tunda lokacin barci ƙwaƙwalwa tana sake bitar abin da ta koya da rana.

Ku gwada da darasi ɗaya a wannan makon, ku rubuto mini yadda kuka gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.