Maganin ƙwayoyin cuta a gorar lemo

Tun kullen korona na 2020, man goge hannu da Hypo da Izal suka zama 'yan gida a Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada. Ban ga laifin haka ba, domin bilicin da aka sirka daidai yana kashe ƙwayar kwalara a masai da bakin kwata. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne haɗin gida da ake ɗurawa a gorar lemo ana talla lungu-lungu, babu lambar NAFDAC, babu bayanin sirki. Yaro mai jin ƙishi zai tsince shi a bayan ƙofa ya kafa kai. Uwargida kuma, don banɗaki ya yi fes, sai ta zuba Hypo a kan Harpic, iskar kulorin ta tashi ta shaƙe ta, ga ɗakin ba taga. Shi ma man hannun, in alkohol ɗinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari ba, ko hannu ya yi dumu-dumu da maiƙo, sabulu da ruwa sun fi shi aiki nesa ba kusa ba.