Sabbin Alƙalai: Wa Za A Tura Gaya?

Duk lokacin da makarantar horar da alƙalai ta Yamai ta yaye sabbin mashara'anta, sai hasashe ya cika ofisoshi: wane zai zauna Yamai, wane za a jefa shi Bilma. Masu hasashen ba su damu da yawan ƙararrakin kowane gari ba. Ubangidan kowane alƙali suke tambaya.

Gaya ta isa misali. Gari ne mai gada zuwa Malanbil da hanya zuwa Kamba, inda ɗan kasuwa da hukuma ba sa rabuwa da saɓani kan patanti, fili da rumfar kasuwa. Dokar tsarin shari'a ta 2004 ta tanadi kotunan da ke sauraren ƙarar talaka a kan hukuma, amma mai irin wannan ƙara daga Gaya sai ya niƙi gari zuwa Dosso, kimanin kilomita 150, ko ma Yamai. Da yawa kan haƙura.

Ya wajaba Majalisar Ƙoli ta Mashara'anta ta bayyana ƙa'idojin rabon alƙalai, da adadin shari'un da ke jibge a kowace kotu. Ranar da aka yi haka, kowa zai san inda sabon alƙali ya dosa ba tare da tambayar wa ya tsaya masa ba.