Masu Tallar Daren Balad, Ina Mutanen Karantina?

Wani kamfanin jigilar masu Umara ya fitar da farashinsa na bana, kuma cikin abin da yake kwaɗaita wa jama'a har da kwana biyu a Jidda: cin gasasshen kifi a bakin Bahar Maliya, sayayya a kasuwar Alawi, sai yawon dare a Balad, tsohuwar unguwar birnin. Mutanenmu kuwa sai yabo suke yi, wai Jidda ta waye, an share ƙazanta, yanzu mutum zai iya kai iyalinsa hankali kwance. Wannan "an share ƙazanta" ɗin ce ta sosa mini rai, domin abin da aka share mutane ne, kuma a cikinsu akwai jininmu.

Ba wanda ya ƙi a gyara Balad. Tun zamanin Halifa Usman bn Affan Jidda ke zaman tashar jiragen ruwan Makka. Gidajen da aka gina da duwatsun teku, da tagoginsu na katako masu sassaƙa, da Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, duk sun cancanci kulawa. Amma da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, a matsayin ƙofar Makka ta sa ta. Mahajjata ne suka ba ta wannan daraja, ciki har da kakanninmu da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago, suka tsallaka teku daga Sawakin. Wasu sun dawo gida, wasu sun zauna sun hayayyafa a can.

Jikokin waɗanda suka zauna ɗin ne, tare da 'yan Yaman da 'yan Somaliya da talakawan Saudiyya, suka cika unguwanni irin su Karantina da Gulail da Petromin da Sabil. Daga ƙarshen 2021 aka shigo da motocin rusau, aka bi unguwanni fiye da 60. A shafa wa gida fenti, a ba ka ɗan wa'adi, ka kwashe komatsanka. Ƙungiyar Amnesty ta bayyana a 2022 cewa tsarin diyya na 'yan ƙasa ne kawai, baƙo bai da kaso, ko da a cikin lungun aka yanke masa cibiya. A watan Disamban 2021 ɗin nan aka yi bikin finafinai a cikin Balad, aka yi tseren motoci na Formula 1 a bakin teku, Yarima Muhammad bn Salman kuma ya ƙaddamar da aikin Jeddah Central na riyal biliyan 75. Bayan shekara guda aka kafa na'urorin kiɗa a tsakanin tsofaffin gidajen, aka kwana ana casu da sunan Balad Beast.

Za a ce mini ƙasarsu ce, su yi yadda suka ga dama, kuma unguwannin matattarar ƙwaya ce da marasa takarda. Na ji. Haka ake faɗa a duk inda mai kuɗi ya hango filin talaka, ba na buƙatar a maimaita mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halinmu. Shekara da shekaru alhazanmu wajen waɗannan bayin Allah suke neman tuwo idan shinkafar Larabawa ta gundure su. Su ne tafinta a kasuwa, su ne masu ɗaure kaya, su ne ke ɓoye wanda bizarsa ta ƙare. Amma da an sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano sai su koma 'yan takari, abin zolaya a majalisa. Matan ma an laƙaba musu "Kano-Jidda", kamar su suka kai kansu. Wa ya kai su? Ba ejan-ejan ba ne suka riƙa bin gidaje suna yi wa zawarawa alƙawarin aikatau da riyal, su karɓe kuɗin gado, su jibge mace a can babu fasfo a hannunta? Wannan sana'a ce yau ta sake riga take sayar mana da daren Balad. Jiya sun ci kuɗin kai talaka lungun, yau suna cin kuɗin kai mai hali ya ga an kawar da shi.

Kuma ma tun yaushe yawon dare ya shiga lissafin Umara? Malaman da ake ɗauka a matsayin jagororin tawaga, sunayensu na jikin takardar tallan, ban ji wanda ya ce a cire wannan ba.

Duk wanda zai biya kujerar Umara bana, ya ce wa ejan ya cire kwana biyun nan ya mayar masa da kuɗinsa. In kuma dole sai ya shiga Jidda, ya nemi 'yan uwanmu da rusau ya watsa, ya ji halin da suke ciki, ya ba su abin da ya yi niyyar kashewa a gidan cin kifi.