Ra'ayinmu: Gurgun kare ma amana ne a wuyan mai shi

Duk mai bin lungunan garuruwanmu ya saba ganin kare yana jan ƙafafun baya a gefen kwalta bayan mota ko babur ya take shi, yara na binsa da jifa, manya na wucewa ba mai tsawatarwa. Idan aka bincika, sau da yawa karen yana da ubangida. Ya shekara yana gadin gida, ko bin garke, ko shiga daji da mafarauci, sai ranar da ƙafa ta karye aka rufe masa ƙofa.

Mun san abin da ke sa Musulmi ja da baya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Wannan hukunci ne a kan ajiye shi ba tare da buƙata ba, kuma babu inda ya halatta azabtar da shi. A cikin littattafan nan biyu ne Abu Huraira ya ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. A nan ne kuma Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba saki. Ɗalibai sun san cewa a mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bauta ce da aka umarce mu da ita.

Sheikh Khalil ya tabbatar a Mukhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, har wasu masu sharhi suka shigar da makauniyar kyanwa wadda ta maƙale a gidan mutum ta kasa fita neman abinci. Idan haka ne hukuncin kyanwar da ba ta yi wa kowa aiki ba, ina ga karen da ya kwana yana tsaron dukiyarmu? Nakasa ƙara nauyin haƙƙinsa take yi, domin mai ƙafa huɗu yana iya kai kansa bola, gurgu kuwa sai abin da aka miƙo masa.

Kulawar ba ta fi ƙarfin talaka ba. A fara da kai shi ga likitan dabbobi, ko a asibitin dabbobi na jiha ko a na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Karaya da yawa na warkewa, kuma kare mai ƙafa uku yakan saba da tafiya. Wanda bayansa ya mutu yana buƙatar busasshiyar shimfiɗa a inuwa, ruwa kusa da bakinsa, da juya shi akai-akai don kada gyambo ya kama shi. Tsohon zane da aka zarga ƙarƙashin cikinsa ya isa a tallafe shi ya zagaya. A Turai da Amurka ana ɗaura wa irinsa ɗan keke mai taya biyu, abin da mai walda na unguwa zai iya haɗawa.

Wanda ya gaza, ya nema masa wani gida: manomi mai garka, ko makiyayi mazauni, domin gurgun kare yana ji, yana haushi, yana farkar da mai barci. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hani a kan sayar da kare, da saɓani a kan wanda aka halatta ajiyewa, saboda haka a bayar da shi kyauta, a kuma faɗa wa mai karɓa gaskiyar lalurarsa. Idan likita ya ga azabar ba mai ƙarewa ba ce, a haɗa shawararsa da ta malami.

Tausayi kuma yana tafiya da hattara. Shanyewar ƙafafu ba tare da rauni ba, musamman tare da dalalar da yawu, na iya zama alamar cutar haukan kare, wadda ba a cika tsira daga gare ta ba idan ta bayyana. Kada a taɓa irin wannan, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Mai kare kuma ya yi masa allurar rigakafi.

Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su koyar da hadisin rijiya tare da hadisin rage lada, domin rabin ilimi ne ya sa dutse a hannun yaro. Iyaye kuwa su tsawatar tun daga jifan farko. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya jiƙan mu.