Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Filato, Barista Caleb Mutfwang, Kan Takardar Indijin da Rabuwar Garin Jos

Mai girma Gwamna,

Ina yi maka jaje kan rayukan da aka yi ta rasawa a Mangu da Bokkos da Barikin Ladi. Na san wannan ne ya fi hana ka barci. To amma akwai wani ciwo a cikin garin Jos da ba a jin ƙararsa a labarai, a kansa na ɗauki alƙalami: maganar takardar shaidar ɗan asalin jiha, wadda kowa ke kira takardar indijin.

Dubi yaron da ya gama sakandare a Gangare ko Unguwar Rogo. A Jos aka yanke masa cibiya, a nan aka haifi ubansa. Kakansa haƙar kuza ta kawo shi tun zamanin Turawa, a nan kuma aka binne shi. Yaro ya ci jarrabawa, yana neman gurbin karatu ko tallafin gwamnati ko aikin ɗan sanda, sai a ce ina takardar indijin. Ya je nema, a ce ya tafi garinsu. Uwa ta ranto kuɗin mota, ya nufi wani ƙauye a Kano ko Bauchi da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ya durƙusa gaban dagaci yana jero sunayen kakanni, dagaci yana girgiza kai, domin babu dattijon da ya tuna da su. Can baƙo ne, nan ma baƙo ne. 'Ya'yan Ibo da Yarabawa da aka haifa a Jos, su ma jirgi ɗaya ya kwaso su da shi.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin inda wannan tambaya ta "waye ɗan gari" ta kai mu. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja a kanta. Rikicin Afrilun 1994 kan naɗin shugaban riƙon ƙwarya na ƙaramar hukumar ya tashi. Na Satumban 2001, wanda ya ci rayuka kusan 1,000 cikin mako guda, ya biyo bayan taƙaddamar naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci. Na Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ne ya kunna shi, 2010 kuma ta zo da nata. An kafa kwamitin binciken Fiberesima, an kafa na Niki Tobi, an kafa na Bola Ajibola, mafi yawan shawarwarinsu na nan cikin durowa.

Abin da ya rage mana shi ne gari mai iyakokin da ba a zana ba amma kowa ya haddace su. Mutane sun sayar da gidajen gado a wulaƙance, Musulmi sun taru gefe guda, Kirista sun taru gefe guda. Mai keke Napep zai iya ɗauko ka, in magariba ta gabato ya taka birki a wata mahaɗa ya ce, "Maigida, iyakata nan." Ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, yana da iyali ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali su ne yaran da aka haifa bayan 2001. Yanzu sun zama magidanta, da yawansu ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba. Abin da suka sani game da juna, a bakin masu zuga suka ji shi. Unguwannin talakawa kuwa, na wannan ɓangare da na wancan, cunkoso ɗaya ne, rashin ruwan famfo ɗaya, matasa marasa aiki a bakin titi ɗaya.

Ban raina fargabar Birom da Anaguta da Afizere ba. Al'ummomi ne da ke tsoron a mamaye su a ƙasar kakanninsu, kuma kwamitocin bincike sun tabbatar musu da matsayin 'yan asali. Ba na neman a taɓa sarautar Gbong Gwom Jos ko gonakin gado. Ban kuma manta cewa ɗan Filato da aka haifa a Sabon Garin Kano irin wannan ƙofa ake rufe masa ba. Zalunci ne a can, kamar yadda yake zalunci a nan.

Roƙona shi ne a raba sarauta da gado daga haƙƙin ɗan ƙasa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Gyaran kundin ba a hannunka yake ba, amma kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha, da tallafin karatu, da ɗaukar aiki a gwamnatin Filato, duk suna ƙarƙashin sa hannunka. Ka kai wa majalisar dokoki ƙudurin da zai ba duk wanda aka haifa a jihar, iyayensa ke biyan haraji a cikinta, takardar zama da za ta wadatar a waɗannan wurare uku.

Sai Kasuwar Taminus. Kafin ta ƙone a Fabrairun 2002, a nan mai doya da mai atamfa da mai kayan gyaran mota suke cuɗanya, suna bin juna bashi, suna zuwa sunan juna. Sama da shekara 20 ana alkawarin tayar da ita, yunƙurin 2022 ma gardamar wa zai samu rumfuna ce ta dabaibaye shi. Idan za a raba rumfunan, a fara da waɗanda gobarar ta cinye wa dukiya ko magadansu, a liƙa sunayen a fili kowa ya gani, kada kuma a tambayi kowa takardar indijin a bakin ƙofa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Jos