Dukiyar Da Aka Zubar A Filin Kuza

Dattawan Nasarawa Gwom sun san yadda kuza ta tara jama'a a Jos tun farkon ƙarni na 20. A lokacin akan wanke ƙasa, a kwashe kuza, a tule ragowar yashin a bakin rami. To, cikin yashin nan akwai monazait da zinotaim, ma'adinai masu ɗauke da ƙarafa masu wuyar tacewa, irin su niyodimiyam da arbiyam.

Saƙon intanet haske ne mai gudu cikin zaren gilashi, in tafiya ta yi nisa sai ya dushe. A 1987 masanan Jami'ar Southampton ta Ingila suka nuna cewa in aka gauraya ɗan arbiyam cikin gilashin, aka haska masa leza, sai hasken ya farfaɗo. Da wannan dabara wayoyin ƙarƙashin teku ke iso da saƙo Legas.

Amma monazait yana ƙunshe da toriyam, mai fitar da haske marar ganuwa da ke cutar da jiki. Lalle ya kamata hukuma ta hana gini da yashin nan, ta kuma sa a riƙa tace shi a gida maimakon fitar da shi ɗanye.